Cokalin Inna Azumi

Ku 'yan matan da ake turo mini daga makarantar koyon aikin lafiya, da farin hijabinku da ba ya son datti, kun ɗauka aikin kemis shi ne mutum ya miƙo takarda ki miƙa masa kwali. Ɗaya daga cikinku ta faɗa mini haka ido da ido a makon da ta zo, wai “Hajiya ai wannan ko yaro zai iya.” Ban yi fushi ba, dariya ta ba ni. Miƙa magani ko biri aka koya wa zai miƙa. Aikin yana farawa ne bayan maganin ya bar hannunki ya shiga gidan mutane, inda babu likita kuma babu ke.

Ni Tasalla, a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu da ke bayan Tsanyawa na koyi wannan sana'a, a hannun Malam Nasidi, Allah ya jiƙansa. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, kuma bai yarda da kowa a kan magani ba, har da kansa. Na daɗe ina shara da wanke kwalabe da tafasa sirinji kafin ya bar ni na taɓa kwali. Wata safiya a cikin bazara ya ɗauki kafso ya ajiye a bakin taga, ya ce kada in taɓa sai la'asar. Da na je ɗauka sai na ji ya yi laushi, yana manne wa yatsa.

“Wannan mai gaskiya ne,” in ji shi. “Ya lalace kuma ya faɗa miki. Wanda za ki ji tsoro shi ne wanda ya mutu a cikin kwalba fuskarsa ba ta canza ba.”

Da ya yi ritaya na buɗe ɗan kemis a zauren gidanmu. Kayan aikina ba su kai a yi musu baje-koli ba. Ba mu da wutar lantarki balle firij. Ina da wani faffaɗan kasko da nake cikawa da yashin rafi, in jiƙa shi safe da yamma, in ajiye shi a gindin randa a ɗakin soro, ba ɗakin kwano ba. A cikin yashin nan nake binne kwalbar maganin yara har wuya, irin wanda yake zuwa a gari a zuba masa ruwa zuwa layi. Ruwan kuma sai an tafasa ya huce, da hannuna nake haɗawa, ba na bari a kai gida a ɗebo na tulu. Shi kuwa kafso abin da ruwan magani yake so shi ne ajalinsa: laima tana kashe shi. Nasa wurin gwangwani ne mai murfi, a rataye a azara inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk wadda ta karɓi maganin kashe ƙwayoyin cuta a wurina sai ta maimaita mini abin da na faɗa kamar hadda: na wanda aka rubuta wa ne shi kaɗai, a sha har iyakar kwanakin da likita ya yanka ko da an ji sauƙi, na ruwa kuma in ya yi mako guda da haɗawa ya gama aikinsa, a zubar.

Maza masu kemis a zaure suke tsayawa. Ni mace ce, ina kutsawa har ƙuryar ɗaki, kuma abin da na gani a ɗakunan nan shi ya sa na zama mafaɗaciya. Na ga kafso ja-da-yalo a alkuki kusa da fitila, zafi yana gasa shi kullum. Na gan shi a ƙulle a bakin zane tare da goro, gumi ya jiƙa shi har ya rine zanen. Na ga an soke ƙullin magani a jikin rufin kwano wai don kada yara su ɗauka, a wurin da ko ƙwai ka ajiye da rana sai ya dahu. Wata kuma a cikin kwallar daddawa ta ɓoye nata. Ba na sallama in fita sai na sauya masa wuri, in ya lalace kuma in tafi da shi. Wasu su yi dariya, wasu su ce Tasalla ta fi likita likitanci.

Sai aka shiga shekarun nan masu wuya, waɗanda iyayenku suke ba ku labari kuna ɗauka ƙari suke yi. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya a gwiwa. Fetur ya ɓace, sai ka wuni a bakin titi ba ka ga bas ba. Sha-ka-tafi ta koma ɗaki da benci, a rubuta maka takarda a ce je ka nema. Maza suka watse ci-rani tun kafin a gama ɗan girbin da aka samu. A lokacin ne masu tallan magani a kan keke suka cika kasuwar mako, kaya a buɗe a rana tsaka, suna ƙirga wa mutum kafso biyu a tafin hannu. Mutane suka dinga zuwa wurina su ma suna neman biyu. Na ce a'a. Ko cikakke da takardar likita, ko babu. Ciniki ya ja baya ƙwarai, na san da haka, kuma ban sauya ba. Na fi son in kwana da yunwa da in sayar wa uwa rabin magani ta tafi tana ganin ta yi wa ɗanta wani abu.

A cikin wannan hali na fara lura da yaran unguwar gabas. Ba a kawo su da wuri. Sai yaro ya galabaita, ya yi kwanaki yana zazzaɓi, sannan a shigo da shi a saɓe. In na tambayi abin da ya hana a zo, sai a ce, “Ai ya sha cokalin Inna, muna jira ya yi aiki.”

Inna Azumi ba muguwa ba ce, kada wadda ta fita daga nan da wannan tunanin. Ita ce mace ta farko a ƙauyenmu da ta je Makka, kuma rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibiya, har da ni. A shekarar yunwar nan tukunyarta ba ta sauka ba, marayu a tsakar gidanta suke cin tuwo. Tana da jarkar Zamzam da ta zo da ita tun ina yarinya, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba, domin duk sanda ta yi ƙasa sai ta ƙara ruwan rijiya, kamar yadda kowace Hajiya take yi. Albarka ba ta tsinkewa don an ƙara ruwa, haka muka taso muka ji.

To ashe tun kafin damina an kai wata jikarta, Hadiza, babban asibiti a Kano, likita ya rubuta mata maganin nan na gari. Inna tana tsaye aka zuba masa ruwa zuwa layi aka girgiza. Yarinya ta sha kaɗan ta miƙe, sai Inna ta ɗauke sauran ta sa a adaka, kusa da jarkar Zamzam, a ɗakinta na kwano. Ta ga da idonta cewa da ruwa aka yi shi. Saboda haka duk yaron da ya yi tari a unguwa sai ta ba shi cokali ɗaya sadaka, in kwalba ta yi ƙasa ta cika ta zuwa layi, ta ɗiga Zamzam a kai. Wata da watanni ana haka. Yaran da mura ce kawai take damunsu suka warke don kansu, aka ce cokali ne. Waɗanda ba su warke ba aka ce kwana ne ya ƙare.

Na sani, kuma na yi ta faɗa a gidajen suna da wajen biki, ba a ji ba. Ban tunkare ta ba sai ranar da Saude ta zo.

Saude matar ɗan Inna ce, Habu, wanda ya tafi ci-rani kudu. Yarinya ce mai kunya, ko muryarta ba a cika ji ba. Ɗanta na fari, Isiyaku, tun da aka yaye shi yake ɗakin Inna. Inna ce take goya shi, ita take ba shi koko, tana kiransa Angona. Saude kuwa, kamar kowace mai ɗan fari a wancan zamani, ba ta kama sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka ma sai ta kau da kai. A ranar, da hantsi, mata suna wucewa gidan barka, sai ta ratse ta shigo zaurena. Ta ce a ba ta man zafi. Na ba ta, ba ta tafi ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafi.

“Akwai wani abu ne, Saude?”

“Yaya Tasalla, yaron Inna ne. Ya daina karɓar koko.”

“Tun yaushe?”

“An kwana biyu. Numfashinsa ne nake jiyowa daga ɗakina.” Sannan ta ce, “Ana dai ba shi cokali.”

Na rufe kemis na bi bayanta. Na tarar da Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, yaron a cinyarta, tana yi masa fifita. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ɗaga rigarsa. Jikinsa kamar garwashi. Numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Limoniya ce, kuma ta wuce abin da ke cikin kaskona, allura take nema a asibiti.

“Inna, a nuna mini maganin da yake sha.”

Ta tashi da murnarta ta buɗe adaka. Zafin da ya fito daga cikin adakar nan har fuskata na ji shi. Ta warware wani ƙyalle mai tsabta ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu. Takardar jikinta ta koɗe. Abin da ke ciki ruwa ne tsararo mai ɗan ja-ja, da wani baƙin abu yana yawo a ƙasa. Na buɗe na shinshina, tsami ya daki hancina.

“Inna, wannan ba magani ba ne. Ya mutu tun kafin a yi shuka.”

“Ke Tasalla, kiyayi bakinki. Shi ya tashi Hadiza, kina gani. Yara nawa ya tasa a unguwar nan?”

“Ruwa ne, Inna. Ruwa ne mai datti. Zamzam daban, wannan daban. Wannan ɗan Adam ne ya auna shi, ya yanka masa kwanaki, in an ƙara ruwa ƙarfinsa ne yake tafiya. Yaron nan asibiti za a kai shi yau.”

“Da wace motar? Da wane uban? Ubansa yana kudu. 'Yar nan, da babu gara ba daɗi.”

“Da muguwar rawa gara ƙin tashi, Inna. Saboda kwalbar nan ake zaune ana jira. Da babu ita da tuni an nemi hanya.”

Ta miƙo hannu in ba ta abinta. Na san in ta koma adaka, kafin azahar an sake ɗura masa, gobe kuma a ɗura wa ɗan wani. Na miƙe na je gindin zogalen da ke tsakar gidan, wuri mai tsabta, saboda na san akwai Zamzam a ciki. Na yi bisimilla na tsiyaye ta tas. Matar da ta yanke mini cibiya ce take kallona. Amma ban tsaya ba sai da ɗigon ƙarshe ya sauka.

Matan gidan suka yi cirko-cirko. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kin zubar. To ki sani, in Angona ya fita daga gidan nan ya mutu a hanya, ke kika kashe shi. Zan faɗa a duniya, zan faɗa a gaban Allah.”

Na ce na ji, na ɗauka. Na sunkuya na ɗauke shi daga tabarma na ɗora a bayana. Ba ni da abin ɗaurewa. Ina waige-waige sai na ji an sa mini majanyi a hannu. Saude ce, kanta a ƙasa, ta koma bakin ƙofarta ta tsaya.

Maigidana, Allah ya yi masa rahama, ya gan ni da ɗan mutane a baya, bai tambaye ni komai ba, ya ɗaura wa shanu amalanke. Muka bi ta cikin gonaki har bakin kwalta. Allah ya taimake mu ranar kasuwar Tsanyawa ce, muka samu wata bas da ta cika har ƙofa, wani dattijo ya sauka ya ba ni wurinsa. Duk tsawon hanyar hannuna yana bayan yaron ina jin numfashinsa, ina tuna maganar Inna. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

An kwantar da shi, aka yi ta yi masa allura. Ni na yi jinyarsa, domin Saude ba ta da izinin fita, kemis kuma ya zauna a rufe. Tunkiyata ta tafi a kuɗin wannan jinya. Da numfashinsa ya daidaita ya fara neman abinci, likita ya sallame mu da sabuwar kwalbar gari, ya ce a ƙarasa a gida, kada a tsallake ko sau ɗaya.

Kafin mu dawo labari ya riga mu. Zogale ya zama rariya, rariya ta zama shadda. Wai Tasalla ta zubar da Zamzam a shadda don a dinga sayen nata. Matan da nake shiga ɗakunansu suka daina aiko yara, masu keke suka samu kasuwa. Aka aiko manya su ce in je in ba Inna haƙuri a wuce wurin. Na ce zan gaishe ta har ƙasa kullum, uwata ce, amma haƙuri na mai laifi ne, kuma ko yau aka maido kwalbar nan sai na sake zubarwa. Har Inna ta koma ga Allah ban janye wannan magana ba, kuma ga ni a gabanku ban janye ba.

Yaron ya koma ɗakin kakarsa, wannan haƙƙinta ne, ban ja ba. Amma kwalbar ban bari ta kwana a gidan ba. Na haɗa ta da tafasasshen ruwa na binne a yashina. Safe, rana da yamma nake ciro ta, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in ratsa gari ana nuna ni da baki, in shiga gidan in yi sallama a amsa mini a ciki-ciki. Inna takan zaunar da shi a tabarma ta juya mini baya. In girgiza kwalba, in auna, in ba shi, in goge masa baki, in koma. Wannan zirga-zirga ita ce aikin kemis, ku da kuke cewa ko yaro zai iya. Babu wanda ya biya ni, babu wanda ya ce sannu.

Ranar da kwanakin da likita ya yanka suka cika, na je da yamma na ba shi cokalin ƙarshe. Isiyaku ya haɗiye ya zame daga tabarma ya bi 'yan tsaki da gudu, yana faɗuwa yana tashi. Saude tana bakin turmi tana daka, ba ta kalle shi ba. Na ɗaga kwalbar, akwai ɗan saura a ƙasa, bai fi kaurin yatsa biyu ba. Ina shirin naɗe ta sai na ji muryar Inna, karo na farko tun ranar zogale.

“Tasalla.”

“Na'am, Inna.”

Ta juyo. Ta rame a 'yan kwanakin nan, idanunta sun faɗa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, roƙo ne.

“Wannan ai sabo ne, ba ki ce ya mutu ba. Bar mini shi. 'Yar gidan Tanko tana tari, ba su da ko ƙwayar hatsi balle na mota.”

Ta miƙo hannu. Gaskiya ta faɗa game da gidan Tanko, na sani, kuma na riga na yi niyyar biyawa in duba yarinyar. Na buɗe baki in ce mata wannan ma gobe ya tashi daga aiki, kuma ba a san ko ciwonsu ɗaya ba. Ban kai ga faɗa ba na ji dakan ya tsaya.

Saude ta jingine taɓarya ta taho. Ta karɓi kwalbar daga hannuna, ta je gindin zogale ta tsiyaye ta, ta girgiza har ba abin da ya rage. Sannan ta dawo ta durƙusa a gaban uwar mijinta, gwiwa biyu a ƙasa, ta yi magana kowa a gidan ya ji.

“Inna, ki yafe mini. Isiyaku ɗana ne. Ina kwance ina jin numfashinsa ta bango, ban iya cewa komai ba. Ba na so uwar yarinyar nan ta kwanta ta ji irinsa.”

Ba wanda ya yi motsi. Ta tashi ta kamo yaron a tsakiyar 'yan tsaki, ta ɗora shi a bayanta a gaban kowa, ta ɗaure, ta koma bakin turmi ta ɗauki taɓarya.